Tsatsa a Ƙarƙashin Akori-kura: Abin da Ilmin Sinadarai Ya Ce wa Makanikan Kudenda

Duk wanda ya bi hanyar Nnamdi Azikiwe a Kaduna, ya tsallaka kogi ya faɗa yankin Kudenda da ƙarshen damina, ba zai rasa ganin akori-kura ba. Wata ta ɗauko masara daga ƙauye, wata bulo da siminti, wata kuwa awaki ne a ciki da masu su a zaune bisa buhuna. Mai sayen irin wannan mota yakan saurari ƙarar inji, ya duba taya, ya shafa fenti, sa'an nan ya biya kuɗi. Da wuya a ga ya shimfiɗa kwali ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta. Alhali kuwa a can ƙasa ne ran motar yake, domin a nan shasi yake, wanda wasu ke kira firam: dogayen ƙarafa biyu da suka tashi daga goshin mota har gindinta, da gajeru da suka gitta tsakaninsu kamar matakan tsani. A kansa aka ɗaure inji, da gidan direba, da akwatin kaya, da sifirin, da akwatin sitiyari. In inji ya mutu, mota takan tsaya a gefen hanya. In shasi ya karye tana cikin gudu da kaya, sai dai Allah Ya kiyaye.

Kudenda da maƙwabciyarta Kakuri unguwannin masana'antu ne. A Kakuri kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a shekarar 1975, kuma akori-kurar Fijo 404 da 504 ta daɗe tana sarauta a hanyoyin karkara kafin Toyota Hilux ta karɓe ta. Saboda haka yankin bai rasa masu walda da makanikai da suka ƙware ba. Sai dai ƙwarewar hannu daban, sanin dalilin abu daban, kuma yawancin gyaran tsatsa da ke lalacewa bayan damina ɗaya ba ƙarancin ƙoƙari ne ke kashe shi ba.

Mece ce tsatsa?

Da wuya a samu baƙin ƙarfe tsantsa a cikin ƙasa, galibi a haɗe yake da iskar oksijin, wato tama. Jan launin marmara da jar ƙasar da muke takawa kullum daga wannan haɗi ya samo asali. Maƙeran da, kamar na zamanin Nok da suka bar matoyansu a Taruga fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sun yi amfani da gawayi da zuga-zugi suka raba ƙarfe da oksijin. Masana'antun yau ma abin da suke yi ke nan, sai dai girman murhu. To amma ƙarfen da aka raba da oksijin da ƙarfin wuta kullum neman hanyar komawa yake yi, kamar dutsen da aka tura kan tudu. Tsatsa ita ce komawar.

Ana iya rubuta abin a taƙaice kamar haka:

4Fe + 3O₂ → 2Fe₂O₃

Ɗalibin da ya san nauyin zarra zai ga cewa giram 224 na ƙarfe kan ba da giram 320, wato kilo 7 na ƙarfe ya zama kilo 10. Tsatsar gaskiya ta fi haka nauyi ma, domin tana riƙe da ruwa a jikinta. Amma wannan lissafi ya ɓoye abu mafi muhimmanci, shi ne aikin ruwa. Ƙusar da aka ajiye a busasshiyar iska takan yi shekaru tana walƙiya. Haka nan wadda aka nutsar a ruwan da aka tafasa aka kore masa iska. Sai ruwa da oksijin sun haɗu a kan ƙarfe ɓarna take farawa.

Masanin da ya fi kowa fayyace wannan shi ne Ulick Evans na Jami'ar Kambirij a Ingila, a shekarun 1920. Ya ɗiga ruwan gishiri a kan gogaggen ƙarfe, ya nuna cewa ɗigon nan ƙaramin batir ne. A tsakiyarsa, inda iska ba ta isa sosai, ƙarfe yana narkewa yana sakin ilektiron:

Fe → Fe²⁺ + 2e⁻

Ilektiron ɗin suna bi ta cikin ƙarfe zuwa gefen ɗigon, inda oksijin ya yawaita, a can ya karɓe su:

O₂ + 2H₂O + 4e⁻ → 4OH⁻

Abubuwan biyu da aka samu sukan haɗu a tsakani, ƙarin oksijin ya mai da su jan garin da muka sani. Mai karatu ya lura da wani abin mamaki a nan: inda iska ta yi ƙaranci, nan ne ƙarfe ke cinyewa. Wannan shi ne dalilin da ya sa fuskar shasi da ke shan iska takan yi ja kurum, amma ƙarƙashin dunƙulen laka, da tsakanin faranti biyu da aka ɗaure da noti, da cikin ramin ƙarfen, nan ake samun huji.

Da a ce tsatsa tana manne wa ƙarfe kamar fata, da ta kare abin da ke ƙarƙashinta. Haka alminiyam yake yi, shi ya sa tukunyarsa ba ta ruɓewa. Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa soso ce. Tana cin wuri fiye da ninki biyu na ƙarfen da ta fito daga gare shi, sai ta kumbura, ta tsage, ta ɓamɓare fenti, ta kuma tsotsi ruwa ta riƙe shi a kan sabon ƙarfe.

Abin da ke hanzarta ta a nan

Kaduna tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Afrilu da Oktoba. Bincike ya nuna cewa tsatsa ba ta da wani kuzari in danshin iska bai kai kimanin kashi 60 cikin ɗari ba. A watan Agusta danshin Kaduna yakan haura kashi 80, da hunturu kuwa yakan sauka ƙasa da kashi 30. Ke nan rabin shekara ƙarfe yana hutawa, rabin shekara ana cinsa. Sai dai lakar da ta maƙale a cikin shasi ba ta san hunturu ya zo ba. Takan riƙe laima makonni bayan ɗaukewar ruwa, balle a ce motar ta taɓa shiga ambaliya ko ana yawan wanke ta a bakin kogi.

Na biyu shi ne kayan da ake ɗauka. Ruwa mai gishiri ya fi ruwa zalla gudanar da lantarki, don haka batirin nan na Evans yakan ƙara ƙarfi. Takin zamani gishiri ne a idon masanin sinadarai, kuma nau'in NPK yakan ƙunshi kuloraid, wanda ba abin da ya kai shi cin ƙarfe cikin abubuwan da mota ke haɗuwa da su kullum. Buhu ɗaya ya fashe a bayan mota, ruwan sama ya wanke shi ta ramukan daɓe, ya sauka a kan shasi. Fitsarin dabbobi da kashinsu, da buhunan gishiri, da ruwan batir da ya zuba a gaba, duk aikinsu ɗaya.

Na uku ya zo ne daga ƙetare. A arewacin Amurka da Kanada da ƙasashen Turai ana watsa gishiri a kan tituna don narkar da ƙanƙara. Motar da ta yi shekara goma a can, aka kawo ta a matsayin 'yar Kwatano, ta iso da cutarta a ciki. Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A shekarar 2008 kamfanin Toyota ya tsawaita garanti a kan shasin akori-kurar Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000, kimanin mota 800,000, har ya sayi waɗanda suka ruɓe daga hannun masu su. A 2016 kuma ya amince da sulhu a kotun Amurka wanda aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4, kan motoci kusan miliyan ɗaya da rabi. In babban kamfani ya sha irin wannan kaye a hannun tsatsa, bai kamata mai garejin bakin titi ya raina ta ba. A wannan shekara ta 2016 ƙungiyar injiniyoyi ta NACE ta ƙiyasta cewa lalacewar ƙarafa na ci wa duniya dala tiriliyan 2.5 a shekara.

Guduma kafin fenti

Aikin farko shi ne a san zurfin ciwon. A wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai ƙarfi, a bar ta ta bushe, a ɗora ta a kan rami ko a kan matokarai masu ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, musamman wadda ake zargin ƙarfenta. Sa'an nan a ɗauki ƙaramar guduma a bi shasi taki-taki ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi. Ruɓaɓɓe kuwa yakan yi amo kamar an bugi rubabben kabewa, ɓawo ya riƙa zubowa. Inda aka yi shakka a danna sukuddireba da ƙarfi. In ta shige, magana ta ƙare.

Wuraren da suka fi cancantar haƙuri su ne kunnuwan da sifirin na baya ke rataye, da gantsarar da ke bisa gatarin baya, da ƙarfen da ke riƙe da safaya, da gefen tankin mai inda laka ke ɓuya, da mazaunin akwatin sitiyari. A duba bututun birki da ke bin jikin shasi, domin bangonsa siriri ne ƙwarai, kuma shi ba ya gargaɗi kafin ya fashe.

Me ya sa ake wannan tsanani? Kaurin ƙarfen shasin ƙaramar akori-kura bai wuce 'yan milimitoci ba, a ce uku. In tsatsa ta ci rabin milimita ta waje, ta ci rabi ta ciki, saura biyu. Ido ba zai ga bambanci ba, amma sulusin ƙarfin ɗaukar kaya ya tafi. Ga shi kuwa mun san yadda ake loda motar da aka ƙera don tan ɗaya a ranar kasuwa. Kowane rami da tsatsa ta haƙa kuma wuri ne da nauyi ke taruwa, daga nan tsaga take farawa, tana ƙaruwa da kowane gargada har ranar da za ta gama.

Kankarewa

Jar tsatsar sama da ɓawon da bai huda ƙarfe ba duk suna gyaruwa. A fara cire maiƙo da giris da sabulu mai ƙarfi, domin buroshi ba ya cire mai, shafa shi yake yi ko'ina. A fasa ɓawo da guduma da kurfi, a bi da buroshin waya na inji, a ƙarasa da samfefa. Akwai tarko a nan: buroshin waya yakan goge tsatsa mai tauri ta yi baƙi tana sheƙi, mai aiki ya zaci ya kai ga ƙarfe. Ƙarfe fari ne kamar azurfa. Abin da bai yi wannan launi ba, tsatsa ce. Feshin yashi da iska ya fi kowace hanya isa lungu, amma ƙurar yashin kogi tana jawo cutar huhu da ba ta da magani, don haka ba a yinsa da ƙyalle a hanci. Tabarau kuwa dole ne ko da buroshi ne, saboda wayoyinsa kan tsinke su yi tsalle kamar allura.

Wata 'yar magana a gefe. Jama'a sun yi imani cewa tsatsa ce ke kawo cutar tetanos mai sandarar da muƙamuƙi. Ba ita ba ce. Ƙwayar cutar tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, kuma ƙarƙashin akori-kura cike yake da su biyun. Wanda ya yanke a wurin ya wanke ciwon, ya je a yi masa allura.

Bayan kankarewa a sake wankewa da ruwa mai tsabta. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki don tsoron jiƙa ƙarfe, amma gishirin da ya saura a cikin ramuka zai jawo laima ta cikin fenti ya ci gaba da aikinsa. A busar nan take da rana ko iska.

Asid mai gyara da asid mai ɓarna

Ko an yi iyakar ƙoƙari, tsatsa takan rage a ƙasan ƙananan ramuka. A nan ilmin sinadarai ke shigowa. Asid na fosforik yakan juya ta zuwa fosfet na ƙarfe, wani toka-tokan rufi da ba ya narkewa a ruwa, wanda fenti ke kamawa da kyau. Sinadarin tanin kuma yakan mai da ita wani baƙin rufi mai shuɗi-shuɗi. Yawancin ruwan maganin tsatsa da ake sayarwa a gwangwani ɗayan waɗannan ne ko haɗinsu.

Tanin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Dukawa kuma sun daɗe suna rina fata baƙa da kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe. Da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta yi baƙi ƙirin. Haɗuwar ƙarfe da tanin ke nan, ita ce dai ake sayar mana a gwangwani da tsada. Ba ina cewa a jiƙa bagaruwa a shafa wa mota a tafi ba, domin na kamfani yana da wasu sinadarai da ke sa shi ratsawa da mannewa. Amma ga fage a buɗe ga ɗalibin jami'a ko na kwalejin fasaha da ke neman abin bincike.

Maganin yana da iyaka. Ba ya ratsa ɓawo mai kauri, ba ya kama busasshen mai, kuma ba ya mai da ƙarfen da ya riga ya tafi. Shi ma kansa sai an rufe shi da fenti.

Abin da za a guje wa shi ne ruwan batir da asid na haidurokulorik. Suna cire tsatsa cikin mintuna, ƙarfe ya yi fes, mai mota ya yi murna. Amma sukan bar salfet da kuloraid a kowane lungu, wato ainihin abubuwan da ke haifar da tsatsa. Kafin mako ya zagayo ta dawo fiye da da.

Rufewa

Ƙarfen da aka kankare tsirara yake, yana iya yin ja cikin dare ɗaya. A shafa fentin ƙasa a ranar. Jan fentin da aka saba da shi a wurin masu walda yana da ban dariya, domin launinsa daga dangin tsatsa ne. Ba ya yaƙi da komai, katanga ce kurum, kuma in ba a bi shi da fentin sama ba laima tana ratsa shi. Tsohon jan fenti mai dalma ya fi shi aiki, amma guba ne, an hana shi a ƙasashe da yawa. Wanda ya fi su shi ne fentin efoksi mai gwangwani biyu da ake gauraya, ko kuma mai garin tutiya.

Labarin tutiya daban ne. Ta fi baƙin ƙarfe saurin sakin ilektiron, don haka in suna haɗe ita ke narkewa ta bar shi. Ko an karce ta, gefen karcen yana kare tsakiyarsa. Humphry Davy ya gwada wannan dabara a jikin jiragen ruwan Ingila a 1824, kuma ita ce sirrin kwanon rufin gidajenmu. Fentin tutiya yana buƙatar taɓa ƙarfe tsirara, saboda haka ba a shafa shi bisa maganin tanin. A zaɓi hanya ɗaya.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Hunturu ya fi dacewa, in an kare aikin daga ƙura. Da damina kuwa kada a yi fenti da sassafe ko da almuru, lokacin da raɓa ke sauka a kan ƙarfe ko da ido bai gan ta ba. Ƙa'idar masu fentin gadoji ita ce zafin ƙarfe ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da digiri 3.

Cikin ramin shasi buroshi ba ya shiga, kuma daga nan huji ya fi fitowa. A wanke shi har ruwa ya fito fari, a buɗe ramukan tsiyaya da laka ta toshe, a busar, a fesa kakin da aka yi domin haka ko sabon mai mai kauri. Direbobi da yawa suna fesa baƙin man da aka juye daga inji. Gaskiya ne yana korar ruwa na ɗan lokaci. Amma yana lalata robobi, yana cutar da fatar mai fesawa, kuma a wuri kamar Kudenda abin da ya ɗiga a ƙasa kogi zai nufa. Mafi muni shi ne a malala kwalta ko baƙin fenti mai kauri bisa tsatsar da ba a cire ba. Wannan kyan ɗan maciji ne: ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, ƙarfe ya ruɓe a ɓoye. Mai sayen mota da ya ga sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota, ya nemi guduma.

Inda ya huje

Huji ba aikin mai fenti ba ne, kuma shafa masa bodi-fila ha'inci ne da zai iya cin rai. A yanke ruɓaɓɓen har a kai ga ƙarfe mai cikakken kauri, a sa sabon faranti mai kauri ɗaya da shi. Ƙwararrun masu walda ba sa jan layi a miƙe daga sama zuwa ƙasa, sukan yanka farantin ƙarfafawa da baki a karkace ko mai siffar ƙwai, don nauyi ya bazu. A cire kan batir, a sauke tanki, a janye bututun mai da na birki. Hayaƙin waldar ƙarfe mai tutiya yana sa zazzaɓi, a yi aikin a sarari. Zafin walda yakan ƙone fentin bayan ƙarfen, saboda haka gefen sabon gyara shi ne wurin da tsatsa za ta fara komowa in ba a rufe shi ciki da waje ba. Shasin wasu manyan motoci kuwa an gasa ƙarfensa ta hanya ta musamman, masu ƙera shi sun hana yi masa walda sam.

Akwai kuma shasin da ya wuce gyara. In huji ya yawaita, ko ya kama mazaunin sifirin da sitiyari a wurare da dama, faci bisa faci ba zai mai da shi ba. A sauya shi, ko a kai motar Panteka a sayar da ita kilo-kilo, ƙarfenta ya zama murhu da kwanon awo.

Gwaji domin aji

Malami na iya nuna duk wannan da kwalabe biyar da ƙusoshi da aka goge da samfefa. A ta farko a zuba ruwan famfo ya rufe rabin ƙusa. A ta biyu a sa tafasasshen ruwa ya rufe ta duka, a tsiyaya man gyaɗa a sama, a toshe. A ta uku a sa busasshiyar ƙusa da ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, a toshe. Ta huɗu ruwan da aka narkar da takin NPK, rabin ƙusa a waje. Ta biyar kamar ta farko, amma a naɗe ƙusar tamau da tutiyar da aka yanko daga jikin tsohon batirin tocila aka wanke. Ɗalibai su rubuta hasashensu tun ranar farko, su riƙa duba kwalaben kowace safiya har mako guda.

Daga nan a ɗauki ƙusar kwalba ta huɗu, a kakkaɓe ta, a tsoma rabinta a ruwan dakakkiyar bagaruwa da ta kwana a jiƙe. Kafin a tashi daga makaranta rabin zai fara yin baƙi. A rataye ta a waje tare da wata da aka wanke da ruwan tsamiya ba a shafa mata komai ba, a ga wadda za ta riga yin ja bayan ruwan farko.